Babi na Bakwai: Ɗan Akuyar da Ya Zama Yaro

Idan Ba'amurke ya so sanin yawan 'ya'yanka, da wuya ka ji kalmar nan da aka koya mana tun muna firamare, wato "children", ta fito daga bakinsa. "Kids" zai ce. Haka likitan yara zai ce, haka direban bas ɗin makaranta, haka ma shugaban ƙasa da zarar ya ajiye takardar jawabi ya shiga hira da jama'a. A Ingila ma yanzu bakinsu ya zo ɗaya da na Amurkawa. Amma ka buɗe tsohon ƙamus ka nemi "kid", ma'anar da za ta fara tarbarka ita ce ɗan akuya. Ga Bahaushe abin da ɗaure kai, domin a wurinmu wanda aka kira ɗan akuya an gama zaginsa, an ce ba ya iya kame kansa a gaban mata. Babu uwar da za ta rungumi jaririnta ta kira shi haka. Su kuwa can da wannan suna suke tarairayar 'ya'yansu, har yawancinsu sun manta da akuyar ɗungum.

Kalmar baƙuwa ce a Ingila, jirgin ruwa ne ya kawo ta. A shekarar 793 wasu mahara daga ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake kira Vikings, suka afka wa wurin ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfarne. Tun suna zuwa su kwashi ganima su koma, har suka ga wurin zama. A 866 suka ci birnin York, suka yanki gonaki, suka auri 'yan ƙasa, suka cika arewaci da gabashin Ingila. Harshensu da na mutanen da suka tarar dama 'yan'uwan juna ne, saboda haka a kasuwa da gona da bakin garke Ingilishi ya yi ta ɗibar kalmominsu. Sunan ƙwai da na sama da na fata da na wuƙa da na taga, wato "egg", "sky", "skin", "knife" da "window", duk daga can ya samo su. "Kid" ma tana cikin wannan kaya. Tsohon Ingilishi yana da nasa sunan ɗan akuya, "ticcen", amma baƙuwar ta ture shi har ya ɓace. Wajen shekara ta 1200 an riga an fara ganinta a rubuce.

Akwai shaida a cikin lafazin kalmar kanta. Tun da jimawa mutanen Ingila suka riƙa sauya sautin "k" ya koma "c" irin namu na "ciki" idan wasalin "i" ko "e" ya biyo bayansa, shi ya sa suke cewa "child", "chin", "cheese". Baƙin nan ba su yi wannan sauyi ba. Dalilin ke nan da ya sa mutumin kudancin Ingila yake kiran majami'a "church", na Sukotlan kuwa ya ce "kirk". Da a ce "kid" haifaffiyar gida ce, da yau "chid" ake cewa.

Kusan shekara 400 kalmar ba ta bar garke ba. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, wadda aka buga a 1611, duk inda ta fito dabba ake nufi. A labarin Annabi Yusuf, alal misali, ita aka yi amfani da ita wajen ambaton abin da 'yan'uwansa suka yanka suka tsoma rigarsa cikin jininsa. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 aka fara jin ana kiran ɗan mutum da ita, kuma a lungunan Landan ne, a bakin 'yan sane da mabarata da 'yan iskan gari. Dalilin aron a fili yake ga duk wanda ya taɓa kallon ɗan akuya na 'yan makonni: tsalle ba gajiya, hawa duk abin da ya gani, cusa baki inda ba a sa shi ba. Sai dai masu aron ba don ƙauna suka yi ba. Yaro a wurinsu abin aike ne, mai zura hannu a aljihu, mai shiga ta tagar da babba ba zai iya bi ba. Har a 1785, lokacin da Francis Grose ya wallafa ƙamus ɗinsa na maganganun 'yan tasha, a cikinsa kalmar take zaune. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ta shiga bakin mutanen kirki.

A wancan zaman nata na lungu ne ta haifi wata kalma da babu mai karanta wannan littafi da bai san ɗacinta ba. Gonakin taba na Virginia da na rake na Barbados suna neman hannu ido rufe a ƙarni na 17. A 1619 hukumomin Landan suka tattara yara kimanin 100 daga kan tituna suka loda su a jirgi zuwa Virginia, a shekarar da aka fara sauke 'yan Afirka a wannan gaɓa. Daga nan abin ya zama sana'a. Wasu mutane suka riƙa yawo a tashoshin jiragen ruwa na Landan da Bristol suna yaudarar yara da samari da alawa ko barasa ko alƙawarin aiki, wani lokaci kuma da ƙarfin tsiya, su miƙa su ga masu jirgi. A can ƙetare a sayar da aikinsu na shekara 4 zuwa 7, yaro ƙarami kuwa sai ya kai munzali. Wannan bai kai bautar da aka yi wa baƙar fata ba, wadda ba ta da ranar ƙarewa kuma ɗa yana gadonta daga uwa, amma da yawa daga cikin yaran ba su kai ƙarshen wa'adin da rai ba. 'Yan lungu suka haɗa "kid" da "nap", wadda ke nufin fizge, suka sami sunan wannan aiki. Kafin 1690 "kidnap" ta riga ta shiga rubutu.

Labarin Peter Williamson ya isa ya nuna yadda abin yake. Yana yaro aka ɗauke shi a bakin tashar jiragen Aberdeen wajen 1743, aka tara shi da wasu yara har jirgi ya cika, aka sayar da shi a Philadelphia. Bayan shekaru ya dawo Birtaniya, ya buga littafin rayuwarsa a 1757, a ciki ya fallasa cewa manyan fataken Aberdeen suna da hannu a wannan ciniki, kuma mahukuntan garin sun sani. Da ya taka garin nasu, sai aka kama shi, aka ƙona shafukan littafin a tsakiyar kasuwa, aka kore shi. Bai haƙura ba. Ya kai ƙara babbar kotu a Edinburgh, iyaye da maƙwabta suka ba da shaidar yaran da suka ɓace, a 1762 kotu ta ba shi gaskiya da diyyar fam 100. Masana tarihi suna shakkar wasu sassa na labarin da ya bayar game da zamansa a Amurka, amma batun satar yaran kotu ce ta tabbatar da shi. Irin wannan ciniki ne Robert Louis Stevenson ya gina littafinsa na 1886 a kai, inda baffan wani maraya ya sa aka sace shi don a sayar da shi a Carolina ya cinye gadonsa.

A hankali ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da babba, ta kuma koma kan neman kuɗin fansa. Bayan sace jaririn matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a 1932, majalisar Amurka ta mayar da ƙetare iyakar jiha da wanda aka sace laifin da gwamnatin tarayya ke hukuntawa. Mu kuma kalmar ta iso mana a matsayin "kidinafin", muna faɗinta tare da garkuwa da mutane. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a ƙasarmu ta koma kan ma'anarta ta farko sak. 'Yan mata 276 na Chibok a Afrilun 2014, ɗalibai sama da 300 na Ƙanƙara a Disambar 2020, 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, duk yara ne aka fizge don a mayar da su kuɗi.

Akuyar ba ta fita daga kalmar gaba ɗaya ba, ta maƙale a wurin masu sana'ar fata. Fatar ɗan akuya tana da laushi da santsi, ga ta siririya, tana bin hannu, shi ya sa garuruwan da suka shahara da ɗinkin safar hannu, irin su Grenoble a Faransa da Worcester a Ingila, suka fifita ta. Wanda ya sa irin wannan safa yana shaida wa duniya cewa shi ba ya aikin ƙarfi. Daga nan Turawa suka sami karin maganar taɓa mutum da "kid gloves", ma'ana a lallaɓa shi, a bi da shi a hankali don kada ya fusata. Matasansu da yawa a yau suna zaton safar yara ake nufi.

A nan akwai hannunmu a ciki. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi suna cikin awakin da fatarsu ta yi suna a duniya. Wanda ya taɓa shiga majema a Kano ya san yadda ake yi: a jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, a wanke, a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ana juyawa ana matsewa har ta jemu, a shafa mai, a rina ta ja da karan dafi, a shanya. Ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma ya yi yana ɗaukar wannan fata ya ratsa Sahara da ita zuwa garuruwan bakin Bahar Rum, inda Turawa ke saye suna kiranta fatar Maroko, alhali wani kaso nata daga ƙasar Hausa ya fito. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta juya ta Legas. Fatar ta tafi ga masu takalma da safar hannu da masu yi wa littattafai bango.

Amurka ce ta wanke kalmar ta ɗora ta kan allo. A yammacin ƙasar, a ƙarni na 19, duk saurayin da ya yi fice da ƙuruciya, a harbi ko a caca ko a hawan doki, sai a laƙaba masa ita. Henry McCarty, wanda duniya ta sani da Billy the Kid, yana da shekara 21 Pat Garrett ya harbe shi a Fort Sumner a 1881. 'Yan dambe suka gaji laƙabin. Namu ma ya samu: Hogan Bassey, mutumin Kalaba da ya koma Liverpool da zama, da sunan Kid ya hau dandali a Paris a 1957 ya doke Cherif Hamia, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun dambe na duniya. Jaridun New York sun yi ta kokawa kan wani zanen barkwanci na yaro mai aski ƙwal da riga rawaya da ya fara fitowa a 1895, shi ma da ita ake kiransa. Sannan a 1921 Charlie Chaplin ya fitar da fim ɗinsa The Kid, labarin wani fakiri da ya tsinci jariri ya raine shi. Daga wannan lokaci kalmar ta sami taushi a kunnen jama'a. Shi kuwa yaron fim ɗin, Jackie Coogan, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyar da ya tara, kuma shari'arsa ce ta sa jihar California ta yi doka a 1939 da ke tilasta ajiye wa yaro ɗan wasa wani kaso na abin da ya samu.

To, yau ina ake faɗinta, ina ne ba a faɗi? Doka ba ta san ta ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, da dokar yara ta Ingila ta wannan shekara, da tamu ta 2003, duk "child" suka ce. Haka takardar asibiti da hukuncin kotu. Mai karanta labarai idan zai sanar da mutuwar yaro, yakan koma ga "child", domin ɗayar ta yi sauƙi ga irin wannan nauyi. Amma 'yan kasuwa sun rungume ta, sashen tufafin yara a kanti da ita ake rubuta shi, haka manhajar YouTube Kids da aka ƙaddamar a 2015.

Wani malamin Turanci a wata sakandare ya ba ni labarin ɗalibarsa da ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, irin wadda ake tambaya a jarrabawar fita, ta cika ta da "kids" daga sama har ƙasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ja musu jan layi. Ta zo da takardar a hannu, ranta a ɓace.

"Malam, ai haka su masu harshen suke faɗa. Kullum ina ji a fim."

"Gaskiyarki, 'yata," in ji shi. "Amma a fim ɗin, wa kika ji yana faɗa, kuma wa yake faɗa wa?"

Ta yi shiru, sannan ta ce uwa ce da maƙwabciyarta.

"To, idan kin rubuta wa maƙwabciyarki, ki sa ta. Shi wannan ba ku saba ba."

Ina ganin malamin ya kama bakin zaren. Kalmar ba ta auna shekaru, tana auna kusanci da fifiko. Jariri "kid" ne, ɗalibin jami'a "kid" ne a bakin malaminsa, tsohuwa mai shekara 80 za ta ce "my kids" tana nufin mutanen da suka yi furfura. Idan ana son a ware ƙaramin yaro sai a ce "little kid", ko "tot", ko "toddler" ga mai tatata. A Manchester da Liverpool mutum yana kiran ɗan'uwansa da suke ciki ɗaya "our kid", ko da shi ne wansa. Mu da muke cewa yaron shago da yaron mota ga magidanci mai 'ya'ya ba za mu sha wahalar gane wannan ba. "Kiddo" ta fi taushi, ta uba ce ga 'yarsa ko kaka ga jikansa. Amma ka tsayar da saurayin da ba ka sani ba a titi ka ce masa "kid", zai iya ɗauka raini ne, kuma sau da yawa hakan ne. Daga wannan gefe na raini aka sami aikatau ɗin nan na "kidding", wanda a farkon ƙarni na 19 yake nufin yaudarar mutum kamar yadda ake yaudarar yaro, yau kuma ya koma zolaya kawai.

Ba ita kaɗai ce a fage ba. Mutanen Newcastle da gabashin Sukotlan suna cewa "bairn", tsohuwar kalma mai tushe ɗaya da ta haihuwa. A Glasgow "wean" suke cewa, wato ɗan ƙarami. Akwai "nipper" da "sprog" a Ingila, akwai "tyke", wadda ita ma daga Vikings ta zo kuma asalinta karya ce, macen kare. Kowacce tana da garinsu ko ajinta. "Kid" ce kaɗai ta game ko'ina, kuma talabijin da finafinan Amurka ne suka yi mata wannan aiki.

Saura abin da ya fi damuna game da ita. Tunda kalma ce ta kusanci, duk wanda aka kira da ita an ba shi uzuri, an ce ƙuruciya ce, a yi masa haƙuri. Wannan uzuri kuwa ba kowa ake ba shi ba. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, ɗan wasan ninƙaya na Amurka Ryan Lochte da abokansa suka yi ɓarna a wani gidan mai cikin dare, sannan ya fito ya ce 'yan fashi ne suka tare su da bindiga. Da gaskiya ta bayyana, kakakin masu shirya gasar, Mario Andrada, ya roƙi jama'a su sassauta wa waɗannan "kids". Lochte yana da shekara 32 a lokacin. Shekara biyu kafin nan, a Nuwamban 2014, wani yaro baƙar fata mai suna Tamir Rice yana wasa da bindigar roba a wani filin shaƙatawa a Cleveland. Wanda ya kira 'yan sanda ya faɗa cewa mai yiwuwa yaro ne kuma mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, amma ba a isar da wannan ga waɗanda aka tura ba. Cikin daƙiƙa biyu da tsayawar motarsu aka harbe shi, washegari ya rasu. Ɗan sandan da ya kira ofis ta rediyo ya kwatanta shi da mai shekara 20. Shekararsa 12.

Ba tsautsayin rana ɗaya ba ne. A wannan shekarar ta 2014 masanin halayyar ɗan'adam Phillip Goff da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka nuna wa ɗaliban jami'a da 'yan sanda hotunan yara maza, aka ce su ƙiyasta shekarunsu. Idan yaron baƙi ne kuma an ce ana zarginsa da babban laifi, sai a ƙara masa shekara 4 da rabi a kan shekarunsa na gaskiya, a kuma ɗauke shi wanda ya san abin da yake yi. Ɗan shekara 13 ya tashi daga yaro ke nan.

Abin baƙin cikin shi ne, harshen da ke hana baƙin yaro yarintarsa shi ne ya daɗe yana hana baƙin dattijo girmansa. A kudancin Amurka, zamanin bauta da na wariyar launin fata, farar fata yana kiran baƙin namiji "boy" ko da ya yi jika da shi. Turawan mulkin mallaka sun kawo mana wannan ɗabi'a har gida, ita ta bar mana kalmar boyi-boyi. Saboda haka duk Bahaushen da zai zauna a Amurka ya kiyaye: "kid" za ta iya wucewa a matsayin wasa ko ƙauna, amma "boy" ga baƙin namiji baligi zagi ne mai tsohon miki. A 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wasu ma'aikata biyu baƙar fata na kamfanin kaji na Tyson Foods a Alabama, waɗanda aka tsallake su wajen ƙarin girma, kuma manajansu yana kiransu "boy". Kotun da ke ƙasa da ita ta ce kalmar ita kaɗai ba shaidar wariya ba ce. Kotun Ƙoli ta ƙi yarda, ta ce sai an duba yanayin da aka faɗe ta, da muryar mai faɗi, da al'adar wurin, da tarihin da ke bayanta.